Hawan jini: idan magani ya fara damun mai shan sa fiye da cutar

Daga Yamai har Damagaram, babu cibiyar lafiyar da ma'aikatanta ba su san wannan labari ba. Mutum ya zo da zazzaɓi ko ciwon kai, aka ɗaura masa abin awo a dantse, aka ce tansiyonsa ya kai 17. Aka sake awo wata rana, bai sauka ba. Aka rubuta masa takarda, ya je farmasi ya saya, ya fara sha. Bayan mako uku ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga, ko kuwa wani busasshen tari ya kama shi, ya hana shi barci, ya hana mai ɗakinsa. Sai ya zauna ya yi lissafi: lokacin da ba ya shan komai lafiyarsa lau, yanzu da yake kashe kuɗi kan magani ga shi da ciwo. Ya tura kwalin ƙarƙashin katifa bai gaya wa kowa ba. In an tambaye shi, amsar ɗaya ce: maganin bai karɓe shi ba.

Kumburin gaskiya ne, tarin ma gaskiya ne, kuma duk likitan da ya ce wa majinyaci tunaninsa ne kawai bai yi masa adalci ba. Inda lissafin ya karkace shi ne wurin "lafiyarsa lau". Hawan jini na iya shafe shekara goma yana cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, zuciya, ƙoda da idanu ba tare da mai shi ya ji ko ƙaiƙayi ba. Sau da yawa alamar farko ita ce faɗuwa a bayi ko a kasuwa da shanyewar ɓarin jiki, abin da likitoci ke taƙaitawa da AVC. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce a rahotonta na 2023 babban mutum ɗaya cikin uku a duniya na da hawan jini, kusan rabinsu ba su sani ba, kuma wajen huɗu cikin biyar ba sa samun maganin da ya saukar da shi yadda ya kamata.

Kafin a ci gaba, akwai batun lambobi da ke ruɗa mutane. A Nijar ana cewa 14/9. Mutumin Maraɗi ko Ƙonni da ya tsallaka Katsina ko Sakkwato zai ji an ce masa 140/90, haka kuma na'urorin zamani masu batir suke nunawa. Abu ɗaya ne, sifiri kawai aka ƙara. Daga 14/9 zuwa sama, idan awon ranaku daban-daban ya tabbatar, ana kiran sa hawan jini. Kuma kowace lamba tana da nauyi. Wani babban nazari da mujallar The Lancet ta buga a 2016, wanda ya tattara gwaje-gwajen da aka yi kan mutum sama da dubu 600, ya nuna cewa saukar da lambar sama da maki ɗaya kacal, misali daga 16 zuwa 15, na rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 27 cikin 100, haɗarin mutuwa kuma da kashi 13. Wannan ne abin da mai kwalin ƙarƙashin katifa ya bayar don ya raba kansa da tari.

Kuma bai kamata ya bayar ba, domin babu wani abu guda ɗaya da ake kira "maganin hawan jini". Dangi ne biyar ko shida, kowane da hanyar aikinsa, kowane da irin matsalarsa. Wanda dangi ɗaya ya dama, galibi wani dangin zai zauna masa lafiya. Ba sai mutum ya iya Faransanci ba kafin ya gane nasa: ya dubi ƙarshen sunan da ke kan kwali, ƙananan baƙaƙen da ke ƙarƙashin sunan kamfani. In ya ƙare da "dipine", da "pril", da "sartan" ko da "olol", ya san gidan da maganin ya fito.

Ƙafar da ta ƙi shiga takalmi

Masu ƙarewa da "dipine" su ne amlodipin da nifedipin da nikardipin, waɗanda ake sayarwa da sunaye irin su Amlor, Adalate da Loxen. Suna cikin waɗanda aka fi rubutawa a Afirka ta Yamma, kuma da dalili. A 2019 aka fitar da sakamakon gwajin CREOLE, wanda likitan zuciya Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida kan baƙar fata 728. An kwatanta haɗin magunguna bibbiyu, sai aka ga haɗin da ke da amlodipin a ciki ya fi wanda babu shi saukar da jini bayan wata shida.

Aikinsa shi ne sassauta ƙananan jijiyoyin da ke kai jini gaɓoɓi, su buɗe. To amma jijiyoyin da ke maido da jinin ba sa buɗewa daidai da su, sai ruwa ya riƙa tsattsafowa ya taru inda nauyi ya ja shi, wato idon sawu da bayan ƙafa. Shi ya sa kumburin ya fi yawa da yamma, ya fi damun mai tsayuwa ko mai zaman kanti yini guda, ya ragu da safe bayan kwanciya. Yana bin yawan maganin: a gwaje-gwajen kamfanin da ya ƙera amlodipin, wajen mutum 3 cikin 100 suka kumbura da miligiram 5, amma kusan 11 cikin 100 da miligiram 10, kuma mata sun fi maza.

Abin da ke faruwa a gida shi ne tsoro. Kumburin ƙafa a wurin mutane na nufin ƙoda ta lalace, ko zuciya, ko an taka sammu. Daga nan sai wani ya ba da shawarar a sha maganin fitsari irin su Lasilix don ruwan ya fita. Wannan kuskure ne, domin jikin ba ruwa ne ya yi masa yawa ba, wuri ɗaya ruwan ya koma. Maganin fitsari zai busar da mutum, ƙafar kuma ba za ta sauka sosai ba. Abin da likita kan yi shi ne ya rage miligiram ya ƙara wani magani daga dangin "pril" ko "sartan", waɗanda su ke buɗe ɗaya ɓangaren jijiyoyin, ko ya canza gaba ɗaya. Sai dai a kula: kumburin da ya zo da haki, da kasa kwanciya rigingine, ko wanda ya kama ƙafa ɗaya da zafi da ciwo, ba na magani ba ne, a je likita a ranar.

Sauran abubuwan da wannan dangi ke kawowa, ciwon kai, jin zafi a fuska, bugun zuciya, galibi na kwanakin farko ne, suna lafawa. Akwai kuma wanda ba a cika faɗa ba: dasashi na iya girma ya fara rufe haƙora, musamman ga wanda ba ya kula da wanke baki.

Wata tsohuwar al'ada ta cancanci a ambace ta don a guje mata: huda ƙwayar nifedipin mai saurin aiki a ɗiga ƙarƙashin harshe idan an ga jini ya hau sosai. An daɗe da daina ba da wannan shawara, saboda jinin na iya faɗowa lokaci guda ya bar ƙwaƙwalwa ko zuciya babu isasshen jini. Wanda aka auna aka ga 20 ba ya bukatar a mayar da shi 12 cikin minti goma.

Tarin da ba na ƙura ba

Dangin "pril", wato kaptopril, enalapril, perindopril, ramipril, masu sunayen kasuwa kamar Lopril, Renitec, Coversyl da Triatec, suna da asali mai ban mamaki. Daga binciken dafin wani maciji na ƙasar Birazil aka gano hanyar, bayan an lura cewa wanda ya sara jininsa na faɗuwa warwas. Kaptopril ya shiga kasuwar Amurka a 1981. Magunguna ne masu daraja, musamman ga mai ciwon sukari da ƙodarsa ta fara zubar da furotin, da wanda zuciyarsa ta yi rauni.

Matsalarsu da ta fi shahara ita ce tari. Busasshe ne, babu majina, babu zazzaɓi, kamar wani abu na sosa maƙogwaro, ya fi tsanani da dare. Yana kama kimanin mutum ɗaya cikin goma, mata sun fi. Dalili shi ne maganin na hana jiki rushe wani sinadari da ake kira biradikinin, sai ya taru a hanyar numfashi. Abin da ke ɓatar da mutane shi ne lokacinsa: yana iya farawa cikin kwana biyu, yana iya jira wata huɗu, lokacin da babu wanda zai danganta shi da ƙwayar da aka saba sha kowace safiya. A lokacin hunturu sai a ɗora wa ƙura laifi. A sha siro kwalba bayan kwalba, a sha zuma da citta, a sayi antibiyotik, a ƙarshe a fara raɗe-raɗin tarin fuka a unguwa. Babu siron da ke maganin wannan tari. Idan aka canza maganin yakan tafi cikin mako ɗaya zuwa huɗu, wani lokaci ya ja har wata uku. Wannan ba ya nufin a yi watsi da gwajin majina: tarin da ya wuce mako biyu, musamman da rama ko gumin dare, ya cancanci a bincika. Amma a gaya wa mai binciken irin maganin da ake sha tun a jimlar farko.

Canjin da aka saba yi shi ne zuwa dangin "sartan", kamar losartan, balsartan da telmisartan. Aikinsu kusan ɗaya ne, amma da wuya su sa tari. Sun fi tsada, shi ne cikas ɗinsu. Ba a haɗa "pril" da "sartan" a sha tare.

Akwai abu guda a wannan dangi da ba ya jiran ranar komawa likita. Leɓe, harshe, fatar ido ko maƙogwaro su kumbura farat ɗaya, galibi babu ƙaiƙayi. Ba ya da yawa, bai kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, amma bincike ya nuna ya fi kama baƙar fata ninki uku zuwa biyar a kan Turawa, kuma yana iya zuwa bayan shekaru ana shan maganin lafiya. In harshe ko maƙogwaro ya kumbura, numfashi na iya toshewa. A nan kam ana daina maganin nan take, a nufi asibiti ko da tsakar dare ne, kuma mutum ba ya sake shan kowane "pril" har abada. Ya kamata a rubuta haka a karnen lafiyarsa, iyalinsa ma su sani.

Sai batun ciki. "Pril" da "sartan" duka suna cutar da ɗan tayi, suna lalata masa ƙoda, su rage ruwan da yake kwance a ciki. A ƙasar da ke cikin waɗanda suka fi yawan haihuwa a duniya, inda mace mai shekara 38 ko 42 ke iya ɗaukar ciki na takwas daidai lokacin da hawan jini ke fara bayyana, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Duk matar da ba ta daina haihuwa ba ta faɗa wa likita kafin ya rubuta, kuma da zarar ta ga batan wata ta koma a canza mata. Akwai waɗanda aka yarda da su ga mai ciki: metildopa, wanda aka fi sani da Aldomet, nifedipin mai aiki a hankali, da labetalol. Aldomet na sa barci, kasala, bushewar baki, wani lokaci baƙin ciki marar dalili, shi ya sa ake son a sake duba shi bayan haihuwa. Amma barin hawan jini haka nan a cikin ciki shi ne hanyar jijjiga, wadda ke kashe uwa da ɗa.

Fitsari, zafi da azumi

Magungunan fitsari, idiroklorotiyazid da indapamid, masu suna Esidrex da Fludex, su ne mafi araha, kuma suna aiki sosai a jikin baƙar fata. Sau da yawa suna ɓoye cikin ƙwaya ɗaya tare da wani magani, sai a ga an rubuta "plus" ko "HCT" bayan sunan. Suna sa ƙoda ta fitar da gishiri da ruwa. Yawan fitsarin makonnin farko yakan ragu, kuma shan ƙwayar da safe na raba mutum da tashin dare.

Abin da ba a gani shi ya fi muhimmanci. Tare da fitsarin, jiki na asarar potasiyom da sodiyom. Ƙarancin potasiyom na kawo ɗaurewar jijiyar ƙafa, kasala da rikicewar bugun zuciya. Ƙarancin sodiyom ya fi kama tsofaffi, musamman mata: tsohuwa ta fara ruɗewa, tana tangaɗi, tana yawan barci, a ce tsufa ne ko iska, alhali gwajin jini ɗaya zai nuna gaskiya. Suna kuma ɗaga sinadarin asid urik, wanda ke taruwa a gaɓa ya haifar da wani ciwo mai tsanani, galibi a gindin babban yatsan ƙafa, ya yi ja ya kumbura cikin dare ɗaya, har mayafi ba ya taɓuwa. Mutane kan ce sanyi ne. Ga mai ciwon sukari kuma suna iya ɗan ɗaga sukarin. "Pril" da "sartan" su kuma akasin haka suke yi wa potasiyom, suna riƙe shi ya yi yawa. Saboda haka ne likita ke rubuta analiz, na ƙoda da na gishirin jini, kafin farawa, da bayan ƴan makonni, sannan aƙalla sau ɗaya a shekara. Mutane da yawa kan sayi maganin su ajiye takardar analiz saboda kuɗi. Ana iya fahimtar dalilinsu, amma wannan gwajin shi ne kawai idon da ke ganin irin waɗannan matsaloli kafin su kwantar da mutum.

Ranar yaƙi da hawan jini ta duniya na faɗowa 17 ga Mayu, lokacin da a Tawa, Ƙonni da Yamai zafi ke wuce digiri 40 kusan kullum. Yawancin takardun da ke cikin kwalin magani an rubuta su ne ba tare da tunanin irin wannan zafi ba. A bazara jijiyoyin fata na buɗewa, gumi na kwashe ruwa da gishiri, jini na sauka da kansa. Adadin maganin da ya dace a watan Janairu na iya yin yawa a watan Afirilu, musamman ga ɗan kabu-kabu, magini, ko matar da ke yini gaban murhu. Alamar ita ce jiri da duhun gani idan an miƙe: daga tabarma, daga sujada, daga bayi da dare. Ga tsoho, faɗuwa ɗaya na iya zama karayar ƙugu. Dabarar farko mai sauƙi ce, a zauna bakin gado a ƙirga zuwa talatin kafin a tashi, a sha ruwa isasshe. In jirin ya ci gaba, a je a auna a zaune da a tsaye, likita na iya rage adadin har damina ta sauka.

Zawo da amai su ma suna canza lissafi. Wanda ke shan maganin fitsari ko "pril" ko "sartan", in ya kwana yana gudawa ba ya iya riƙe ruwa, ƙodarsa na cikin haɗari idan ya ci gaba da sha kamar kullum. A irin wannan hali likitoci kan dakatar da su na kwana ɗaya ko biyu har mutum ya koma ci da sha. Magana ce da ya kamata a tambaya tun ana lafiya, don a san abin yi ranar da ta zo.

Azumi kuwa, mafi yawan masu hawan jinin da ya daidaita suna iya yin sa, domin magungunan zamani sau ɗaya ake sha a yini, sai dai a matsar da lokacin. Wanda ke bukatar shiri shi ne mai maganin fitsari: shan sa da sahur a shekarar da azumi ya faɗo cikin zafi na nufin zubar da ruwan da ba za a mayar ba sai magariba. A je likita makonni kafin ganin wata, ba ranar uku ga azumi bayan an faɗi a sahu ba.

Abin da maza ba sa faɗa

Akwai dalilin barin magani da ba ya shiga karne, saboda ba a furta shi, balle in ma'aikaciyar mace ce sa'ar ƴar mutum. Magidanci ya ga ƙarfinsa ya ragu wajen iyali, ya ji a fada ana cewa maganin tansiyo na kashe namiji, ya daina. A gidan da ke da mace fiye da ɗaya, abin ya wuce batun jin daɗi, ya zama na mutunci da zaman lafiya.

Maganar tana da tushe. Tsofaffin magungunan fitsari, da dangin "olol" kamar atenolol da propranolol, da metildopa, an san suna iya rage ƙarfin namiji. Amlodipin da "pril" da "sartan" galibi ba sa yi. Amma akwai abu biyu da ba a faɗa a fada. Na farko, hawan jinin kansa, da ciwon sukari da taba, su ne manyan masu lalata ƙananan jijiyoyin da wannan aiki ya dogara a kansu. Wanda ya bar magani don ya tsira da ƙarfinsa, cutar ce za ta karɓe shi a hankali. Na biyu shi ne tsoro. A 2003 wasu likitoci a Italiya suka ba maza 96 atenolol, suka kasa su uku. Kashin farko ba a gaya musu sunan maganin ba: kashi 3 cikin 100 suka koka. Na biyu an gaya musu suna: kusan kashi 16. Na uku an gaya musu suna da cewa yana iya rage ƙarfi: kashi 31. Ƙwaya ɗaya ce, adadi ɗaya.

Mafita ita ce a faɗa, ko da da habaici ne. "Likita, tun da na fara wannan, harkar gida ta ja baya" ya isa, duk ma'aikacin lafiya ya gane. Abin da bai kamata ba shi ne a je wurin mai tallan magani a sayi na ƙarfin maza a ɗora. Da yawa daga cikin ƙwayoyi da garin da ake zubawa a shayi ko kofi suna ɗauke da sildenafil, sinadarin Viagra, ba tare da an rubuta ba. Ga mai ciwon zuciya da ke shan magungunan nitirat, haɗin na iya faɗar da jini har ya kashe.

Dangin "olol" suna da wasu halaye. Suna rage gudun zuciya, don haka suna kawo gajiya, sanyin hannu da ƙafa, nauyin jiki wajen hawa bene. Suna iya tayar wa mai asma da ciwonsa. Ga mai allurar insulin, suna ɓoye rawar jiki da bugun zuciyar da ke gargaɗin cewa sukari ya faɗi. Kuma su ne mafi haɗarin a yanke lokaci guda: zuciyar da ta saba da birki sai ta zabura, jini ya hau, mai toshewar jijiyar zuciya na iya samun bugun da zai kwantar da shi. Haka ma klonidin, wato Catapressan. Waɗannan a hankali ake sauke su, da lissafin likita. Mai shan su kada ya bari kwali ya ƙare kafin ya sayi wani, musamman in tafiya ce a gabansa.

Ba kullum laifin ƙwayar ba ne

Wani lokaci maganin da ake zargi ba shi da laifi, abokin tafiyarsa ne. Mutumin da ke da hawan jini galibi ya manyanta, gwiwa da baya na ciwo, kuma diklofenak da ibuprofen na kan kowane tire a tasha da kasuwa. Waɗannan suna ɗaga jini, suna rage ƙarfin maganin hawan jini, kuma in suka haɗu da maganin fitsari da "pril" a jiki ɗaya, musamman a zafi, suna iya tsayar da ƙoda. Parasetamol ya fi aminci, amma na haɗiya, ba mai narkewa a ruwa yana kumfa ba, domin wannan cike yake da sodiyom. Deksametazon da wasu mata ke sha don ƙiba, da wasu mayukan sauya launin fata masu kortizon, suna ɗaga jini. Haka ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadari biyu, da wasu magungunan mura masu buɗe hanci. A tukunya kuma, ba gishiri kaɗai ba ne: dunƙulen miya da kanwa duka sodiyom ne. OMS na ba da shawarar kada gishirin yini ya kai giram 5, kimanin ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke ɓoye cikin burodi da kilishi. Wanda ya rage gishiri sau da yawa yana samun saukin adadin magani, matsalolinsa su ragu tare.

Bisab, tafarnuwa da zogale suna da masoya. Ƙananan bincike sun nuna zoɓo marar sukari na ɗan saukar da jini, kuma babu laifi a sha. Amma ba ya maye gurbin ƙwaya ga mai 17, kuma duk jiƙon da ake sha ya kamata likita ya sani, domin wasu na taɓa ƙoda.

Sai ingancin maganin kansa. OMS ta ƙiyasta a 2017 cewa magani ɗaya cikin goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko marar inganci. Ƙwayar da ta yini a rana bisa kan mai talla, an cire ta daga kwalinta, babu wanda zai iya rantsuwa kan abin da ke cikinta. Ko ta farmasi ce, in an bar ta a aljihun babur ko kan shiryayye dab da rufin kwano, zafi na rage mata ƙarfi. Yawancinsu an ce a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30. Wanda kuɗi suka yi wa kaɗan ya tambayi jenerik a farmasin gwamnati ko ta cibiyar lafiya, sinadarin ɗaya ne.

Ranar komawa likita, abin da ya fi amfani shi ne a zuba duk abin da ake sha cikin leda a tafi da shi, har na gwiwa, har na gargajiya, a faɗi ranar da matsalar ta fara da lokacin da ta fi tsanani. In an riga an daina maganin, a faɗa. Likitan da bai sani ba zai ga jini a sama ya ɗauka adadin ne ya yi kaɗan, ya ninka shi. In kuma awo ya nuna 12/8, maganin ne ke riƙe da shi a nan, ba warkewa aka yi ba.

Ledar tana da wani amfani. Saboda kaya na yankewa a farmasi, mutum na iya samun farar ƙwaya wannan wata, wata mai zuwa a ba shi mai ruwan ɗorawa a wani kwali da wani suna. Ba abin tsoro ba ne in ƙananan baƙaƙen da miligiram ɗin sun zo ɗaya. Haɗarin yana ga wanda ya ɗauka magunguna biyu ne daban, yana shan Amlor da safe, amlodipin da dare, ko ya haɗa wanda aka rubuta masa a Maraɗi da wanda ɗansa ya aiko daga Kano. Sau biyu yake shan abu ɗaya, kuma ƙafarsa ce za ta fara nunawa.